Gaisuwar Mutuwa Babu Gawa

Sentul, Kuala Lumpur

Zuwa ga ɗana Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin jirgi ka buɗe ta ko sai ka sauka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka Kanada cikin aminci, Ya haɗa ka da mutanen kirki kamar yadda Ya haɗa ni da su ranar da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Sauran karatuna a Kantin Kwari na yi shi, na ƙarasa a bakin titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda na fara da ɗaukar dilar mayafai a kafaɗa har Allah Ya sa yau kwantena nake lodawa. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Amma ranar Juma'a, a mamak, gidan abincin nan na ƙasan gidanmu, ka tambaye ni abu ban ba ka amsa ba, kuma ba na son ka bar ƙasar nan da shiruna.

Ka ce, "Daddy, saƙonnin muryar Mama da ke wayarka, ka turo min lah. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki a Kanada suna neman muryar mace Bahaushiya ta gaske, ba ta 'yan fim ba. Zan sa ta a gem ɗin." Sannan ka ƙara da Turanci cewa wai ta haka za ta rayu har abada. Na ce maka ci abincinka kafin ya huce. Ka ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, Halifa. Tsoro ne, kuma ni ban saba a ga tsorona a gaban mai kawo shayi ba.

Bari in faɗa maka inda na yi kuskure, domin wasu ka san rabinsu, wasu ba ka san komai a kai ba.

Kuskurena na farko raini ne. Kana yaro, sau nawa na zare maka waya daga bango kana tsakiyar wasa? A wurina wasan kwamfuta aikin marasa aikin yi ne. Sai wata rana wata 'yar Caina da samari biyu suka shigo shago suna neman shadda da atamfa, ba don su ɗinka su sa ba, wai don su ɗauki hoton zaren. Suka nuna min zanen wani Bahaushe a kasuwa da za su sa a wasansu. Hula kamar an kifa masa tukunya, riga kamar zanin gado. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wannan ko mahaukacin Sabon Gari ba ya fita haka. Matar ba ta ji haushi ba, cewa ta yi in zo ofishinsu in nuna musu.

Na je da babbar rigata a leda, ina tsammanin ɗaki ɗaya zan tarar da yara suna latse-latse. Na tarar da bene hawa kan hawa, cike da mutane, Malayu da 'yan Caina da Indiyawa, kowa ya sunkuya a kan allonsa, ba ka jin komai sai sanyin na'ura. Wani saurayi ta nuna min, ta ce watanni ke nan ba abin da yake zanawa sai tsatsar da ke jikin kwaɗon ƙofa. Tsatsa! Ta ce wasa ɗaya irin wannan yana cin shekaru, wani babban kamfani ne a Turai ke da shi, su nan an ba su kwangilar gina kasuwa da mutanen cikinta ne kawai. Na fito cike da mamaki. To ka kiyaye wannan: wanda ya raina abu, ranar da abin ya ba shi mamaki ba ya tsayawa a tsakiya, faɗawa yake gaba ɗaya. Da tun farko na ɗauki sana'ar nan a matsayin sana'a, da na yi ciniki da su kamar yadda nake yi da kowa, idona buɗe. Kada ka raina abin da ba ka sani ba, kuma kada ya ruɗe ka.

Kuskure na biyu ya biyo bayan na farko kamar bindi. Suka ce tunda na iya ɗage riga a kafaɗa, me zai hana su ɗauke ni, ni da kaina in zama mai sayar da yadi a cikin wasan? Kaina ya kumbura. Na tafi da Kawunka Bitrus, mutumin Jos ɗin nan da ya yi shekaru yana tuƙa min motar kaya, domin sun ce suna son baƙin mutum fiye da ɗaya.

Ɗakin zagaye yake kamar rumbu, fari fat, kamarori sun jeru daga ƙasa har sama, duk sun zuba maka ido. Aka zaunar da ni a tsakiya. Yi dariya. Ɓata rai. Buɗe baki. Nuna haƙora. Kamar ragon layya a hannun mai saye. Duk lokacin da na yi, sai haske ya walƙa ta ko'ina a lokaci guda, har inuwata ba na gani. Daga nan suka sa mana wasu baƙaƙen kaya matsattsu masu ɗigo-ɗigo, ni Alhaji guda, suka ce mu yi tafiya. Bitrus yana ta dariya, yana cewa, "Alhaji, da Hajiya za ta gan ka cikin wannan kaya, yau a waje za ka kwana." Na yi ta kai da kawowa da jan ƙafar nan tawa ta hagu, wadda acaɓa ya bar min tun a Kano. Na tambaya ko in gyara tafiyar. Suka ce a'a, ita suka fi so.

Da aka gama matar ta ce ko ina da tambaya. Ina da su kuwa. Ina fuskar nan za ta je? Ta wa za ta zama? Yaushe za a daina amfani da ita? Amma Turancinsu gudu yake, samarin kuma suna kallona, ban so su gane cewa ban kama rabin abin da ake faɗa ba. Na ɗaga hannu na ce, "Boleh, boleh," wato na yarda. Girman kai rawanin tsiya. Kai ka yi karatun da ban yi ba, amma jinina ne a jikinka, na san kai ma ba ka son a ga gazawarka. Inda za ka, in an ce kana da tambaya, ka yi ta yi har su gaji da kai. Jin kunyar minti ɗaya ba ya kashe mutum.

Na uku shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Suka kai mu ɗakin ɗaukar murya. Abin da suka rubuto a ce, "sannu" ce kawai da "na gode". Na ce wannan ba gaisuwa ba ce, Bahaushe ba ya gaisawa kamar mai tsoron a kama shi. Na zauna na jero musu: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya aka ji da zafi. Na yi musu ta maraba da baƙo, ta mai jego, ta wanda ya dawo daga tafiya. Suna ta murna, ni kuma ina jin kaina malami. Sai matar ta ce, idan an yi mutuwa fa, me kuke cewa? A wasan ana yaƙi, mutane suna mutuwa a kasuwar.

Bitrus ya cire abin kunnensa ya ajiye. Ya ce, "Alhaji, wannan kam ban da ni. A garinmu ba a gaisuwar mutuwa babu gawa." Na ce masa, "Kai dai Bitrus, ga ka da coci duk Lahadi amma camfi ya fi ƙarfinka. Magana ce fa kawai." Ya ce, "To yi maganarka, ni ina mota."

Na yi. Ya haƙuri. Ya ƙarin haƙurinmu. Allah Ya jiƙan rai, Ya sa an huta. Suka ce ya yi, amma muryata ba ta yi kama da ta mai baƙin ciki ba, kamar ina karanta farashi. Wani saurayi ya ce ta cikin gilashi, in rufe ido in tuna wanda na fi so a duniya, in ɗauka shi ne ya mutu. Halifa, na rufe ido na kawo mahaifiyarka. A ranar lafiyarta ƙalau, da safe ma ta ce in yi mata tapau, wato ƙunshin nasi lemak, shinkafar kwakwar nan, daga Kampung Baru in zan dawo. Na kwantar da ita a raina, na lulluɓe ta, na yi wa kaina ta'aziyyarta, muryata ta karye, hawaye ya zubo. Suka tafa min. Na fito ina jin daɗi wai na iya. Na saya mata abincin, ta ci, tana tambayata me ya sa idona ya yi ja.

Na san ajali na Allah ne. Na san ba maganata ce ta kawo mata ciwon da ya ɗauke ta bayan shekaru ba, malamai sun faɗa kuma na yarda. Amma akwai maganar da kakanninmu suka keɓe, ba a fito da ita sai ranarta, kuma ba wauta ce ta sa suka yi haka ba. Ni na fito da ita don a tafa min.

Sauran ka san shi. Wasan ya fito, na riƙa jan abokan ciniki zuwa kedai, shagon nan da ake sayar da irin waɗannan kaya, in nuna musu kaina a allo. Kai kuma daga nan ka ƙwallafa rai, ka yi karatun zane, suka ɗauke ka aiki a benen nan. Na yi alfahari da kai fiye da yadda na nuna.

Ka tuna bayan arba'in ɗin Mama, da rana tsaka, kana so ka ɗebe min kewa? Ka ce an sabunta wasan, yanzu mutanen kasuwar suna magana da kansu, na'urar nan da 'yan rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira ce ke sa musu magana a baki. Ka ba ni abin latsawa, ka nuna min yadda zan taka har rumfar mai yadi. Na taka. Mutumin ya ɗago kai, da fuskata, da furfurar da nake da ita a wancan lokacin, ya dube ni ta cikin gilashi. Bai ce ina wuni ba. Ya ce, "Ya haƙuri?" da wannan karyayyiyar muryar. Ka yi saurin cewa na'urar ce ta ɗauko ba tsari, ba ta san me take faɗa ba, ka kashe. Na ce maka ba komai. Ƙarya na yi. Duk mutanen da suka zo min gaisuwa daga Kano har Kuala Lumpur, ba wanda ya yi min ita da ciwo irin na wannan mutumin, domin shi ya riga kowa sanin wadda ta mutu.

Ban gaya maka ba, amma na koma ofishin nan. Lokacin an riga an sallame ku, kai da mai zanen tsatsa da sauran. Na je ne in ce su cire gaisuwar. Da hantsi ne, rana tana dukan gilashi. Mai gadi ya bar ni na hau saboda ya gane fuskata. Hawan da na sani cike da mutane, kujeru ne kawai a ture, wata da rigar sanyi a rataye, wani tebur da kofin shayi ya bushe a kai. Amma fitilu a kunne, sanyi yana busawa, kwamfutoci suna ta gurnani su kaɗai. A can ƙarshe na sami wani yaro ɗaya yana cin abinci a gaban babban allo. Ya ce matar da nake nema ta daɗe da tafiya. An sayar da kamfanin, wanda ya saya shi ma an saye shi. Ya ce abin da aka ɗauka a wurina ba ya nan, ba ya wuri ɗaya ma, ya shiga cikin na'urar kamar gishiri a miya.

Ina tsaye sai na kalli allon bayansa. Wata sabuwar kasuwa ce na'urar ke ginawa, ta wani wasan daban. Rumfuna suna tsirowa, mutane suna fitowa daga babu, maza da mata da yara, fuskokin da ba uwar da ta haife su. Na daɗe ina kallo kafin in gane abin da ke damuna. Dukansu suna jan ƙafar hagu. Kasuwa guda, har da 'yan mata masu talla, kowa yana tafiya da raunin da acaɓa ya yi min. Na nuna wa yaron. Ya duba, ya ce, "Oh, za a gyara lah," ya ci gaba da cin abincinsa. Na sauko ta matakala ina jin takuna, ina ƙoƙarin in taka daidai, na kasa.

Ga shawarata kan aikin kansa, ka ɗauke ta daga ɗan kasuwa. Na ga lokacin da kowace mace a Kano sai mayafin Malesiya, na ga lokacin da na Caina mai araha ya zo ya share mu. Kaya in ya yi tsada har mai shi ya fara tsoron asara, ba ya ƙara gwada sabon abu, sai ya riƙa maimaita wanda ya taɓa karɓuwa, yana rage ma'aikata. Manyan wasannin nan can suka nufa. Da, gari guda na mutane ke gina su. Yanzu mutum kaɗan ne da na'ura, na'urar kuma ba ta ƙirƙirar komai sai abin da ta haɗiya daga irinmu. Mutanen Kanada sun ɗauke ka ne domin kana jin Hausa kuma ka san aikin, suna son mai ɗebo musu abin da za su ciyar da ita. Ba na hana ka, aiki ne, kuma halak ɗinka za ka ci. Amma ka san matsayinka: ranar da ta ƙoshi, kai ma kujerarka za a ture. Kada ka sayi kayan ɗaki masu nauyi. Fasfonka ya zauna a hannunka. Ɗan ƙaramin wasan nan da kuke yi da abokanka biyu a ƙarshen mako, wanda na ce ɓata lokaci ne, na janye maganata, kada ka bar shi. Ƙaramar rumfa taka ta fi babban kanti na wani. Kuma duk wanda za ka kai gaban kamarorin nan, tsoho ne ko yaro, ka faɗa masa da harshen da yake ji abin da ni ba a faɗa min ba.

Saura labarin Bitrus. Ka san ya rasu bara, mun kai gawarsa filin jirgi, an binne shi a garinsu. Matarsa, Maman Dauda, ta zauna a nan saboda aikinta na asibiti. Kwanaki na je kai mata saƙo da la'asar, na tarar da ƙofa a buɗe. Tun daga waje nake jin dariyarsa. Ka san dariyar Bitrus, wadda take farawa kamar tari. Na tsaya a bakin ƙofa na leƙa. Tana zaune a ƙasa gaban talabijin da abin latsawa a cinya, ɗanta ne ya koya mata. A allon ga Bitrus yana jingine da amalanke a kasuwar nan, cikin ƙoshin lafiya, ya fi ƙuruciya. Tana ba shi labarin cewa famfon kicin ya sake lalacewa. Shi kuma yana amsa mata da muryarsa, da kalmomin da bai taɓa faɗa ba, yana tambayarta ko tana son sayen dabino.

Ta juyo ta ce, "Alhaji, shigo mana, ku gaisa." Na ce, "Maman Dauda, wannan ba shi ba ne." Ta ce, "Na sani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni na rufe masa ido. Amma in na kashe, gidan ya yi shiru da yawa." Ta ce ta daina zuwa zumuntar mata ta coci, domin lokacin ne kawai take samu ta zauna da shi. Ta ce wani lokaci 'yan wasa a wata ƙasa suna harbe shi, Dauda ya nuna mata a waya, amma in ta kunna nata sai ta same shi a tsaye. Tana faɗa tana murmushi. Bitrus da ya ƙi yin gaisuwar mutuwa, ga shi an hana matarsa gama zaman makoki. Kuma ni na ɗauke shi a mota na kai shi.

To ga amsarka. Ba zan turo maka ba. Amma ni ba yaro ba ne, na san wayarka ma cike take da saƙonninta, na "ka ci abinci?" da na faɗan da take maka in ka yi dare. Uwarka ce, ba ni da ikon hana ka, kuma daga Sentul hannuna ba zai kai Kanada ba. Don haka ba umarni nake ba ka ba. Ni da ban taɓa roƙon ɗan Adam komai ba, yau ina roƙonka.

Ka saurare ta kai kaɗai duk lokacin da kewa ta kama ka, ka yi mata addu'a, ka mayar da wayar aljihu. Kada ka ba su. Macen da ko muryarta ba ta son baƙo ya ji daga falo, kada ka sa ta tsaya a kasuwa tana kiran mutanen da ba ta sani ba, ana sa mata maganar da ba ta faɗa ba, ba ranar tashi. Ta yi wahalarta ta gama, Allah Ya ba ta hutu, kada mu tashe ta aiki.

Wannan dalilinta ne. Nawa dalilin ya fi shi muni, kuma sau ɗaya zan faɗe shi. Na ce wa Maman Dauda ba shi ba ne, na fito ina ganin na fi ta ƙarfin zuciya. Ban fi ta ba. Idan wata rana ina wucewa ta gaban kedai na ji an ce "Baban Halifa" da muryar nan, Halifa, zan amsa. Zan shiga in sayi na'urar, in kawo ta gida, in rufe ƙofa. Kwantena za ta iso ba mai karɓa, a kira salla ina zaune. Na san kaina. Kana can ba za ka sani ba, in ka bugo zan ce maka lafiya lau. Ka riga ka rasa uwa, kada ka yi abin da zai sa ka rasa uba yana numfashi.

Ka riƙe salla ko da a ƙarƙashin matakala ne. An ce sanyin can ba ya wasa, ka sayi rigar kirki tun ranar farko, kada ka yi ƙwauron da na saba yi. Ka kira ƙanwarka Amira ko ba ka kira ni ba. In ka kira ni kuma, ka yi min Hausa, ko da ta karye.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani, Ya sa albarka a hannunka, Ya dawo min da kai da ƙafafunka. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya bar ta cikin hutunta. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Sabi'u